Amsa: yadda ake kwance bindigar SKS a wanke ta, da dalilin da yasa allurarta ce abin tsoro

Tambayar da ɗan'uwa ya turo ita ce, yana zaune a Amurka, ya sayi tsohuwar SKS ƙirar China a shago mai lasisi komai bisa doka, sai dai ta zo masa danƙare da wani giris ruwan ƙasa ciki da waje, mai shagon kuma yace masa ya zura tsumma a bututu kawai yaje ya gwada ta. Ya kuma haɗa da gwangwanin tsofaffin harsasan soja masu araha. Yana so ya san yadda ake kwance ta, har ina zai kwance, da me zai wanke.

To Malam da farko dai dan Allah kar ka bi maganar mai shagon nan, bututu shine mafi sauƙin abin da ke gabanka. Wajen da ke iya jawo maka bala'i a SKS yana cikin sakata ne, wato dunƙulen ƙarfen nan da ke tura harsashi cikin ɗakinsa ya kulle a bayansa. A tsakiyarta akwai allurar da ke saran gindin harsashi, kuma a yawancin SKS allurar nan bata da sifirin da zai dawo da ita baya, haka take yawo a raminta gaba da baya. Na farko-farkon da Rasha ta ƙera wajen 1949 zuwa 1950 sune masu sifirin, daga baya aka cire, 'yan China kuma a haka suka gaje ta. In ramin a tsaftace yake ba matsala. Amma in girisin nan ya bushe a ciki ya riƙe allurar tana leƙe a gaba, to duk sanda sakata ta rufo da ƙarfi sai ta sari harsashin da kanta ba tare da ka taɓa kunama ba, ya tashi, hayaƙinsa ya mayar da sakata baya, ta ɗauko na gaba ta sake sara, a haka har goman da ke ciki su ƙare, ko ka cire yatsa ko baka cire ba bata san kana yi ba. Mutumin da bai shirya ba bindigar ƙwace masa take yi bakinta yayi sama ko gefe. Banda haɗarin rai, a dokar Amurka bindigar da ke fitar da harsashi fiye da ɗaya a jan kunama guda wani babin ce daban da baka so sunanka ya shiga, don haka ba abin yi wa dariya a filin harbi bane.

Kafin in ci gaba, masu karantawa daga gida kar wani ya ɗauka wannan magana tasa ce. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta saka bindigogin soja masu harsashi 7.62 cikin jerin haramtattu, lasisin bindigar farauta bai rufe su ba. Ɗan'uwanmu a inda yake doka ta bashi dama, shi nake ba amsa.

Shi wannan giris ana ce masa kosmolin, ba datti bane, da gangan aka dulmiya bindigar a ciki don ta shekara aru-aru a rumbun soja ba tsatsa. Sergei Simonov ne ya zana SKS, sojan Sobiyet suka karɓe ta a 1949, ba'a daɗe ba AK ta ture ta gefe, China kuma ta fara ƙera tata a 1956 ta buga miliyoyi, kaga da yawansu ajiya suka sha fiye da aiki. Amurka ta hana shigo da irinsu kai tsaye daga China tun 1994, to taka ko dai ta shigo kafin nan ko ta biyo ta rumbun wata ƙasar, ko ta ina ne dai girisin ya samu shekarun da zai daskare. Halinsa irin na man shanu ne da sanyi, yana jin zafi wajen digiri 50 a ma'aunin Celsius yake narkewa ya kwarara, ya huce ya koma yadda yake, kuma wannan halin nasa shine zai taimake ka wajen wanki, shine kuma zai cuce ka in ka bar saura, domin kana harbi ƙarfe yayi zafi ya narke ya gangara inda ba'a so, ka ajiye ya sandare a can.

Kayan aiki ba wasu masu yawa bane. Tebur ka shimfiɗa tsofaffin jaridu ko kwali, tsummokara da yawa waɗanda baka buƙatarsu kuma, tsohon buroshin haƙori, audugar goge kunne mai tsinke, ƙaramar guduma, ƙarfen bugun fil siriri, safar hannu ta roba, da tabarau saboda akwai sifirin guda ɗaya mai tsalle zan gaya maka inda yake. Abin wanki kuma kananzir, ko farin man nan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, duk shagon kayan gini a can akwai shi. Fetur a'a, na san mutanenmu da son wanke komai da fetur, tururinsa kaɗai ya isa ya kama da wuta a gareji. Ka buɗe taga ko kayi a waje. Ka samu ɗan kwano na zuba ƙananan abubuwa, kuma duk abin da zaka cire ka ɗauke shi hoto da waya kafin ka cire, zaka gode wa kanka wajen mayarwa.

Harsasan nan ka kai su wani ɗakin tukuna, gaba ɗaya, kar ko ɗaya ya zauna a teburin. Ka juya bakin bindigar inda ko ta tashi ba wanda zata samu, ka tuna bangon cikin gidajen Amurka allo ne ba bulo ba, harsashin 7.62x39 ratsa shi zai yi ya shiga ɗakin gaba. A gaban garkuwar kunama akwai ɗan maƙalli, ka ja shi baya gidan harsashi zai buɗe ta ƙasa, in akwai wani abu ciki ya zubo. Sai ka ja hannun sakata baya ka leƙa ɗakin harsashi da ido, ka kuma zura ɗan yatsa ka taɓa, saboda a bindiga mai giris irin taka ido yana iya yaudara. Sannan ka raka sakatar gaba a hankali. Da yake gidan harsashin a buɗe yake ba zata maƙale a baya ba. Ka tura sefti, wato ɗan hannun da ke hana kunama janyuwa, gaba ya ɗago sama ya tare kunama, ka barshi a haka har ƙarshen aiki.

Yanzu kwancewa. A can bayan, gefen dama, akwai ɗan hannu da ke riƙe da murfin da ya rufe saman bindigar ta baya. Ka juya shi ya miƙe sama, ka danna murfin gaba kaɗan da babban yatsa don ya sassauta, sai ka ja hannun zuwa dama iya inda ya tsaya, baya fita gaba ɗaya kar ka tilasta shi. Murfin zai zamo baya da kansa. Ka zaro dogon sifirin da ke ciki, ka dube shi da kyau kafin ka ajiye, gefe ɗaya a miƙe yake ɗaya gefen a lanƙwashe kamar ya karkace, ba lalacewa yayi ba haka yake, kuma gefen karkataccen ne ke shiga cikin uwar sakata, wato ƙarfen da ke ɗauke da sakatar, mai hannun da ake ja. Sai ka ja hannun sakata har baya ka ɗaga sama, uwar da ita sakatar zasu fito tare, ka tallabe ta ƙasa don a saƙale kawai suke sakatar faɗuwa take.

Sai ɓangaren hayaƙi. A gefen dama na gindin saitin baya akwai wani ɗan hannun, yawanci da tauri, ka sa ƙarfen bugun fil a ramin da ke jikinsa ka ɗaga. Nan ne wajen da nace ka sa tabarau. Ka ɗaga shi zuwa matsayin farko kawai ka tsaya, sai ka kama katakon saman ta baya ka ɗaga, bututun hayaƙin zai fito tare da shi, ka karkata shi fistin, wato sandar da hayaƙi ke turawa baya, ya zamo hannunka, in giris ya riƙe shi ka turo shi ta baya da sandar goge bututu. In ka wuce da hannun nan sama bayan ka cire bututun, akwai gajeren sanda da sifirinsa mai ƙarfi a ɓoye ƙarƙashin saitin, harbowa yake gaba kamar an sake shi daga baka, ya fasa abu ko ya ɓace a ƙarƙashin kujera. Dole ne shima ya fito domin raminsa cike yake da giris, amma ka tare gaban ramin da tafin hannu ko tsumma sannan ka ƙarasa juya hannun a hankali ya sauka a hannunka.

A wankin yau da kullum bayan an dawo daga harbi, nan ake tsayawa. Kai kuma tunda wankan farko ne sai ka raba ƙarfe da katako. Ka kifar da ita, a bayan garkuwar kunama zaka ga ɗan maɓalli mai lotsawa a tsakiya, ka sa ƙarfen bugun fil ka danna shi gaba da ƙarfi, gidan kunama gaba ɗaya zai ɗago. In ka danna ya ƙi, kashi tara cikin goma sefti ne ba'a sa ba, an yi shi ne yadda ba zai fita ba sai sefti na sama, mutane suna ta dukansa da guduma a banza. Tsofaffin littattafan soja da bakin harsashi suke nuna a danna, kai kar ka kawo harsashi mai rai teburin nan saboda wannan. Gidan kunama na fita gidan harsashi zai zaro ta ƙasa. Ka buɗe banatin, wato wuƙar da ke bakin bindigar, ya rabu da katako, ka zare sandar goge bututu da ke ƙarƙashi, sai ka ɗaga ƙarfen ta baya ya fita daga ƙota. In ya manne ka bubbuga da tafin hannu, giris ne ya liƙe su.

A gindin ƙota akwai 'yar ƙofa mai sifirin, ka danna ta, in kayi sa'a kwalbar ƙarfen kayan gogewa tana ciki zata turo kanta waje. Ƙofar tana da cizon yatsa, ka kula kar ta matse ka.

Abubuwan da zaka ƙyale: ƙusar da ta ratsa ƙota a tsakiya, sukurun banati, saitin gaba, bututu, da kuma cikin gidan kunama. Shi gidan kunama ka jiƙa shi a kananzir yadda yake ka goge da buroshi ka barshi ya tsane, kar ka warware shi, kar kuma ka ja kunama alhali yana waje gudumar cikinsa, wadda ke bugun allura, ta buga a banza ko ta kama maka yatsa. Masu cewa a goga wajen da fayil don kunama tayi laushi, wlh ka rabu da su, ɗan gefen ƙarfen da ke riƙe da gudumar shine duk abin da ke tsakaninka da tashin bindiga in ta faɗi ƙasa, domin seftin SKS kunama kawai yake tarewa, baya kulle gudumar.

To mu dawo kan sakata, anan zaka ɓata lokaci kuma ya cancanta. Ka ɗauke ta ka girgiza kusa da kunne. Lafiyayya zaka ji allurar tana ƙwal-ƙwal a ciki, taka na tabbata shiru zaka ji. Wasu sai su jefa ta a kananzir kwana ɗaya, su ji ta fara motsi, suce shikenan. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ramin allurar tsukewa yake ta gaba, kuma a wannan tsukin ne busasshen girisin ke taruwa, jiƙo yana narkar da na tsakiya allura ta samu hanya tana kaɗawa amma na ƙuryar yana nan, ranar da ka harba ta yi zafi sai ya motso. Sai an fitar da allurar an ga ramin da ido.

Fil guda ne ya ratsa sakatar ta gefe yake riƙe da allurar. A irin na China yana da faffaɗan kai a ɓangaren ƙugiyar da ke fizgo kwanson harsashi bayan an harba, to ta ɗaya ɓangaren zaka buga, ta ƙaramin bakin, ya fita ta wajen kan nasa. Ka ɗora sakatar a kan katako mai rami ko bakin soket yadda fil ɗin zai samu inda zai faɗa, ka daidaita ƙarfen bugun ka bashi duka mai kyau. Yana da taurin kai sosai, ɗan ƙwanƙwasa baya motsa shi sai dai ya taɓe masa baki, in ya ƙi ka ɗiga masa man sassauta tsatsa ka barshi ya kwana. In har washegari ya ƙi, ka kai wa mai gyaran bindiga ya fitar maka, aikin minti kaɗan ne a wajensa, ya fi ka lalata sakatar da lambarta ta dace da bindigar. Yana fita allurar zata zaro ta baya, ka kula sosai da yadda take kwance, wane gefe ne sama, ina yankan da fil ɗin ke bi yake, ka ɗau hoto, saboda akwai irin da ke shiga a juye kuma in ta shiga a juye cijewa take, ka ga ka wanke tas ka kuma haɗa wa kanka matsalar da kake gudu. Ƙugiyar kwanso kuma ka tura ta baya ka murɗa waje ta fito da ɗan sifirinta, ƙarƙashinta ma zaka tarar da giris.

Ka jiƙa su duka, ka bi ramin da audugar kunne kana canzawa har sai wadda ka zura ta fito fara, ka ɗaga shi saitin fitila ka leƙa. Ka duba bakin allurar, ya zama a mulmule sumul, ba tsagewa ba lanƙwasa ba tsatsa, ka mirgina ta a kan tebur ka gani ko a miƙe take. Ka shafa fuskar sakatar wajen ɗan ramin da allura ke leƙowa, in kaji gefen ramin ya taso yana kama farce wannan na mai gyara ne. Sannan ka mayar da ita a bushe. A bushe nace, ba mai ba giris, domin mai a ramin nan tara ƙura da toka yake ya koma laka, da sanyin jihohin arewa kuma yayi kauri. In ka haɗa, ka tura allurar gaba da babban yatsa da ƙarfi sai ka ɗaga fuskar sakatar sama, ya kamata ta koma baya da nauyin kanta. In sai ka bubbuga take komawa baka gama ba. Ana sayar da allura mai sifirin a can wadda ake musanyawa, ba laifi in kana so, amma ita ma a rami mai datti cijewa zata yi.

Sauran ƙarafan aikin haƙuri ne kawai, jiƙo da buroshi. Ruwan zafi sosai yana taimakawa, ka zuba musu daga buta a bokiti girisin zai taso sama, ƙarfen kuma da yake yayi zafi nan take yake bushewa, sai ka shafa mai kafin ya huce ya fara ja. Ka bi ɗakin harsashi da kyau, giris a nan yana sa kwanso ya liƙe. Ka tabbatar ɗan ramin da hayaƙi ke fitowa daga bututu a buɗe yake. Bututun kansa ka fara fitar da girisin da tsumma kafin buroshi, kuma kar a kuskura a harba da giris a ciki, toshewa ce, matsin yana iya kumbura bututun. In zaka zura sanda ta baki ka sa murfin kwalbar kayan gogewar nan a bakin, an yi shi ne don sandar kar ta ci gefen bakin bututu, wajen nan in ya cinye saiti ya tafi. Ni na fi son igiyar gogewa da ake ja daga ɗakin harsashi zuwa baki.

Katako kuma kar ka jiƙa shi a komai. Ka naɗe shi da tsumma ko takardar goge hannu ka sa a baƙar leda ka ajiye a rana, ko cikin mota da rani, yayi gumi ka goge ka sake. Ba zai ƙare a rana ɗaya ba, kuma ko bayan ka gama zaka ga yana tsatsafowa in bindigar tayi zafi, ba komai ka goge. Akwai masu sa shi a injin wanke kwanuka ko a oven ɗin girki, banda warin da uwargida ba zata yafe maka ba, katakon tsagewa yake lambobin jikinsa su shafe. Tsummokaran da suka sha kananzir kuma kar ka tara su a gareji, ka fitar da su waje.

Sai maganar gwangwanin harsasan da ka saya, ka ɗauke su a matsayin masu cin ƙarfe har sai ka tabbatar ba haka bane. Tsofaffin harsasan soja na ƙasashen gabas sinadarin da ke gindinsu in ya ƙone gishiri yake bari, gishirin ya jawo laima daga iska, kwana ɗaya biyu sai kaga tsatsa. Mai baya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake tsatsar na ci a ƙarƙashi, ruwa ne maganinsa. Duk ranar da ka harba su, a ranar zaka zuba ruwan zafi ta bututu, ka wanke fistin da bututun hayaƙi da fuskar sakata da banatin ma in yana jiki, ka busar sannan kayi wankin da aka saba ka shafa mai. Zaka ji ana cewa sai ruwan goge gilashi mai amoniya, ruwan da ke cikinsa ne ke aikin, na famfo ma ya isa. Taka ta China cikin bututunta an shafe shi da kurom, wani ƙarfe mai hana tsatsa, don haka yana da juriya, amma bututun hayaƙin bashi da wannan gatan, a nan ake samun fistin ya manne. Masu SKS ƙirar Yugoslabiya, wato M59/66, su ko bututun nasu ba kurom, ga kuma bawul ɗin hayaƙi da ke ruɓewa ya riƙa zubar da iska bindiga ta daina mayar da kanta, su abin ya fi shafa.

Wajen shafa mai kar ka cika hannu. Kaɗan a kan hanyoyin da uwar sakata ke zamewa, kaɗan inda sakata da uwarta ke gogar juna, ɗigo a fuskar guduma da fil-fil na gidan kunama, shafa sama-sama a jikin ƙarfe na waje. Fistin da cikin bututun hayaƙi a bushe ake harbi da su, mai a wajen ƙonewa yake ya zama gawayi. In ajiya zaka yi mai tsawo ka shafa musu da bututu siririn mai, amma ka goge kafin ka fita harbi.

Mayarwa baya-baya ne, wajen da ke ba mutane wahala uku ne. Gidan harsashi sai leɓensa na gaba ya saƙala daidai a ƙarƙashin ƙarfen lokacin da kake zaunar da shi a ƙota, ka barshi a buɗe kana yi. Gidan kunama kuma guduma a ɗane, sefti a sama, ka fara saka ƙahonninsa na gaba a mazauninsu sannan ka danna bayan, sai ka bashi duka da tafin hannu ko ka ɗora nauyinka har kaji ƙas, ka ja shi ka tabbatar ya kama, in bai kama ba a filin harbi zai faɗo maka. Na ukun shine gajeren sandan nan mai tsalle, ka danna shi ciki da ƙarfen bugun fil ka sauke hannun zuwa matsayin farko ya riƙe shi, sai ka sa fistin a bututunsa, bakin gaba ya fara shiga sannan ka kwantar da bayan ka sauke hannun har ƙasa. Sakata ka saƙala ta a uwarta ka sauke su tare ta baya ka tura gaba, dogon sifirin karkataccen gefe ciki, murfi, ka tura hannun ka kwantar.

Ka duba lambobi tunda komai na hannunka, ta jikin sakata da uwarta su dace da ta jikin bindigar. In sakatar ta wata ce daban, kar ka harba sai mai gyara ya auna tazarar da ke tsakaninta da ɗakin harsashi da ma'auninsa.

Gwaji ba harsashi: ka ja sakata sau da yawa kaji tana tafiya sumul, gidan harsashi a rufe ba komai ciki ya kamata ta maƙale a baya. Ka buɗe gidan harsashi ka raka sakatar gaba, ka sa sefti ka ja kunama, kar ta buga. Ka cire ka ja, ta buga. Ka riƙe kunamar a jaye ka ja sakata ka saki, sannan ka saki kunama a hankali zaka ji ɗan ƙas, ka sake ja ta buga. In gudumar tana bin sakata ta sauka da kanta, tsaya nan sai mai gyara. Kafin ka sa murfi ma kana iya kallon gudumar kana jan kunama sannu a hankali, in ka ga tana sulalowa gaba kafin ta kuɓuce, riƙon nata bashi da kyau, a kai a duba.

Ranar farko a filin harbi kar ka cika ta da goma. Ka sa ɗaya, bakinta na kallon inda ake harbi, ka riƙe ta gam da hannu biyu sannan ka saki sakata, ka harba. Sai ka sa biyu, ka maimaita biyun nan 'yan lokuta, in akwai matsala iyakarta harsashi biyu kenan. Ka fitar da wanda ya shiga ɗaki ba'a harba ba ka duba gindinsa, ɗan tabo ƙarami na allura haka SKS take yi, amma in lotsawar tayi zurfi ka dakata, kuma ka sani harsasan kasuwa na Amurka wasunsu gindinsu ya fi na soja laushi, sun fi saurin tashi da irin wannan taɓawar. Kullum daga gidan harsashi zaka bari ta ɗauka, kar ka zura harsashi a ɗaki da hannu ka sako masa sakata da cikakken ƙarfi. In ko sau ɗaya ta fitar da biyu a ja guda, ka buɗe gidan harsashi ka zubar da sauran, ka ja sakata ka tabbatar ba komai, ka sa ta a jaka sai wajen mai gyara.